Mai Karaya da Akushinsa a Gindin Dala

Sanin kowa ne cewa idan mutumin Jama'a ko Getso a ƙasar Gwarzo, ko mutumin Kabo, ya sami karayar da ta gagari maɗori, Kano akan nufa da shi, zuwa Asibitin Ƙashi na Dala wanda aka buɗe a 1959. A can likitoci za su daidaita ƙashi, su sa masa filasta, daga baya a riƙa kiransa sashen gashin ƙashi. Abin da muke so 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata su duba shi ne zaman da yake biyo bayan sallama.

Karayar babban mutum takan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ta haɗe, wata ma ta zarce haka. Saboda wahalar hanya, wasu majinyatan ƙauye sukan raɓe wurin dangi a unguwannin da suke kewaye da Dala da Gwauron Dutse har su gama zuwa gashi. To, me baƙon nan yake ci? Da safe koko da ƙosai wurin mai tuya, da rana garau-garau, da dare tuwon saye da miyar kuka wadda ba ta ga nama ba. Alhali masana lafiya sun tabbatar cewa ƙashi yana bukatar abinci mai gina jiki, irin su nono da ƙwai da wake da kifi da zogale, da kuma ɗan zama a hantsi. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Furar da aka dama da nono mai kyau ta fi lemon kwalbar da muke riƙe wa majinyaci don a ce mun waye.

Ba a nan matsalar ta tsaya ba. Mai dogara sanda da ya fita neman abinci sai ya ƙetare kwata, ya hau dakali, ya kutsa lungu mai gargada, sa'an nan ya tarar da benci gajere wanda ba zai iya tashi daga kansa ba sai an kama shi. Da yawa sukan haƙura su kwanta a ɗaki, ga shi kuwa likita motsi ya umurce su da yi. Kaɗaici ma ciwo ne, musamman ga wanda ya saba cin tuwo da maƙwabta a ƙofar gida bayan magariba.

A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a dokar hana wariya ga masu bukata ta musamman, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara mashigarsu. Wa'adin ya wuce. Mu da za mu zauna, ko muke zaune, a ofisoshin tsara gari da na lafiya, wajibinmu ne mu tabbatar cewa dokar ta sauko daga takarda. Mai gidan abinci kuwa, katako ɗaya a kan kwata da kujera mai tsayi ba za su karya jarinsa ba.

Ƙungiyoyinmu na ɗaliban Gwarzo da Kabo su ma suna da aiki: su san mutanensu da suke jinya a birni, su tsara kai musu abinci, su raka su fita. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Wanda tasa ƙafar ta karye, sai mu ara masa tamu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.