Kalmar "an gwada" a jikin kwali ba ta ishe ni ba

Idan ka taɓa ajiye wayarka kusa da lasifika ka ji tana "tit-tit-tit" kafin kira ya shigo, to ka san matsalar da nake magana a kai. Wayarin na lasifikar ne ya zama eriya, ya kwaso siginar waya ya kai ta inda ba a bukata. A ɗaki wannan abin dariya ne. A cikin mota, inda ƙananan kwamfutoci ke kula da birki da jakar iska, ba wasa ba ne.

Shi ya sa masu ƙera kayan mota ke yin gwajin da ake kira BCI, bisa ƙa'idar ISO 11452-4. Ana maƙala wani zoben ƙarfe a jikin damin wayoyin na'urar, ya yi aiki kamar taransifoma, ya cusa musu siginar rediyo da gangan har zuwa megahaz 400, a ga ko na'urar za ta rikice. Ana yin haka a kan tebur mai shimfiɗar ƙarfe, wayoyin kuma a ɗage su milimita 50 daga samansa.

Inda abin ya fi ɗaukar hankalina shi ne jikin zoben kansa. Wutar da aka cusa dole ta sami hanyar komawa. Idan gangar zoben ta taɓa teburin, an buɗe mata hanya ɗaya. Idan an ɗora shi a kan abin da wuta ba ta bi, sai ta nemi wata, ta bi sulken kebul ɗin da ya taho daga amfilifaya. A ƙananan mitoci bambancin ba shi da yawa, amma da an yi sama, tsawon wayoyin da abin da ke kusa da su sai su fara canza yawan wutar da ke isa na'urar. Ke nan na'ura ɗaya tana iya cin gwaji a wannan ɗaki ta faɗi a wancan, alhali ba a canza mata ko ƙusa ba.

Ni manhaja nake rubutawa, ba injiniyan lantarki ba ne, amma na san wannan ciwon. Na taɓa kwana biyu ina neman kuskure a manhajar da ke tafiya lafiya lau a kwamfutata tana ƙin buɗewa a wayar mai aikin. Saiti ɗaya ne da ban rubuta ko'ina ba.

Don haka a ganina rahoton gwajin da bai faɗi yadda aka ajiye zoben ba, ko ya taɓa teburin ko bai taɓa ba, da nisansa daga na'urar, rabin rahoto ne. In babu hoton shirin, wa zai iya maimaitawa ya tabbatar?

Mu kuwa da ke sayen cajar mota da kyamarar gaban mota a kasuwa, ko rabin rahoton ba ma gani. Ni dai idan na sayi sabuwa, rediyon mota nake kunnawa in jona ta, in kuma yi kira a kusa da ita. Wannan bai kai gwajin ɗakin bincike ba, amma in rediyon ya fara shuu ko kyamarar ta ɗauke, ranar nake mayar wa mai shago kayansa.