Yaranmu na haddace Civic, amma ba su san kansilansu ba

1/ Jama'a, yau zan taɓo abin da wasu ba za su ji daɗinsa ba. Yadda ake koyar da Civic Education da Tarihi a makarantun JSS na Ƙaura, Shinkafi da Zurmi, ɓarnar alli ce kawai. Hadda ce ta cin jarrabawa. Ku biyo ni a sannu.

2/ Ka tare yaron JSS 2 a Kurya Madaro ka ce ya lissafo rassan gwamnati uku. Zai zubo su da Turanci kamar aku. Sai ka ce: to wane ne kansilan mazaɓarku, mene ne aikinsa? Nan zai fara sosa ƙeya. Ba laifinsa ba ne fa. Yadda aka ba shi haka ya riƙe.

3/ Shi wannan tsarin na shugaban ƙasa mai cikakken iko, aro muka yi daga Amurka. Murtala ya kafa kwamitin rubuta tsarin mulki a 1975, aka ajiye salon firaminista na Ingila, Shehu Shagari ya hau a 1979. Mun ari riga, ba mu tambayi dalilin ɗinkinta ba.

4/ Ga dalilin. A 1765 majalisar Ingila ta ɗora haraji kan takardu a yankunan da take mulka a Amurka. Mutanen suka ce: ba mu da wakili ko ɗaya a majalisarku, don me za ku yanka mana haraji? A Disamba 1773 suka zubar da akwatunan ganyen shayi 342 cikin ruwa a Boston.

5/ Ranar 4 ga Yuli 1776 yankuna 13 suka ayyana 'yanci. A 1787 aka rubuta tsarin mulkinsu a Filadelfiya. Da yake sun ɗanɗana mulkin sarki, sai suka raba iko gida uku: masu yin doka, masu zartarwa, masu shari'a, kowa ya taka wa ɗan'uwansa birki. Tsoron zalunci ne ya haifi abin da yaranmu ke haddacewa.

6/ Kar wani ya ce kirari nake yi wa Amurka. Washington da Jefferson da ke ta maganar 'yanci, bayi ne ke noma musu gonaki. Mata kuwa sai 1920 tsarin mulkin ya tabbatar musu da ƙuri'a. Wannan ma darasi ne: haƙƙi yana iya kwana a takarda shekara ɗari in ba a tashi an nema ba.

7/ To mu dawo gida. Tambayar mutanen 1765 ita ce: wa ke karɓar kuɗina, me yake yi min? A ƙauyukan Zurmi da Shinkafi, manomi na biyan 'yan bindiga kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya yi girbi. Ɗansa na kallo. Gobe a aji a ce ya haddace ayyukan gwamnati, ba mai haɗa masa biyun.

8/ Alhali sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 69 ya ba masu zaɓe damar yi wa sanata ko ɗan majalisar wakilai kiranye. Tsakani da Allah, yara nawa aka taɓa yi wa bayanin nan da Hausa?

9/ Misali kuwa ba sai an je Boston ba. Ranar 24 ga Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC a Zamfara kan rashin ingantaccen zaɓen fidda gwani, kujerar gwamna ta koma PDP. Ko wace jam'iyya kake, ka ga ƙarfin ɓangaren shari'a da idonka. Darasi ne kyauta, aka bar shi a majalisar mai shayi.

10/ Ranar 11 ga Yuli 2024 kotun ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Yaron da ya fahimci wannan, in ya girma zai iya tambayar ciyaman: nawa ya shigo, ina rijiyar burtsatse, ina maganin asibiti? Irin wannan yaron ne wasu ba sa so a haifa.

11/ Tarihi kuwa, shekara da shekaru babu shi a matsayin darasi mai zaman kansa a JSS, kuma tsararmu ce abin ya faɗa wa. Namoda da Ƙaura ke amsa sunansa yana cikin kwamandojin da suka ci Alƙalawa a 1808. Layin dogo ya iso Ƙaura a 1929. An cire Zamfara daga Sakkwato a 1996. Duk a waje muka tsinto.

12/ Na san wani zai ce: yankin da ake rufe makarantu, mutane na gudun hijira, kai kana zancen Civic? Ai shi ya sa nake zancen. Wanda bai san gwamnati bashin tsaro yake bin ta ba, ranar zaɓe da taliya da sabulu za a sallame shi, ya koma ya ci gaba da kwana da ido ɗaya.

13/ Malamai ma ban ɗora musu duka ba. Aji cike, littafi babu, albashi ba ya kai wata. Amma abin da nake nema ba ya cin kuɗi: a yi bayani da Hausa, a fara daga mazaɓa kafin a kai Abuja, a gayyato kansila aji ya amsa tambayoyin yara, a bar su su zaɓi monita da ƙuri'a.

14/ Mu kuma 'yan jami'a, mu rage cika baki a nan. In ka je hutu, zaunar da ƙannenka. Wane ne sanatan Zamfara ta Arewa? Wa ke wakiltar Shinkafi da Zurmi, ko Ƙaura da Birnin Magaji, a majalisar wakilai? Me suka je yi? In kai ma sai ka duba waya, to ku zauna ku koya tare.

15/ Malaman Civic da ke nan, in akwai makarantar da ake yin abin da na lissafa, ku faɗa mana sunanta mu yaba. In babu, a tura zaren nan ga duk wanda ke da ɗa ko ƙane a JSS. Wanda bai yarda ba, ga fili, amma da hujja za a zo.