Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamna Dauda Lawal: Wace Mota Za Ta Ɗauko Fasinjan Filin Jirgin Gusau?



A watan Yunin 2024, Mai Girma Gwamna da ministan sufurin jiragen sama, Festus Keyamo, suka ƙaddamar da aikin filin jirgin saman Gusau. Zamfarawa sun yi murna, kuma suna da dalili. Tun da aka ƙirƙiro jihar a 1996, maniyyacin Tsafe sai ya ratsa Gusau da Bungudu da Maru da Talata Mafara, tafiyar da ta haura kilomita 200, kafin ya hau jirgi a filin Sultan Abubakar na Uku da ke Sakkwato. In ya dawo, haka zai sake bin hanyar da gajiyarsa da jarkar zamzam.

Wannan wasiƙa tana magana ne a kan abin da zai faru bayan an sauko daga jirgi. Mai muƙami jiniya na jiran sa a bakin ƙofa. Malamin Jami'ar Tarayya ta Gusau fa, ko ɗan kasuwar Tudun Wada da ya je sari Legas, ko dattijuwar da 'ya'yanta suka yi mata karo-karo ta je Umara? In ba a yi tanadi ba, abin da ke jiran su shi ne shatar tasi, a yanka musu kuɗin da aka ga dama. Tun ranar 29 ga Mayun 2023, ranar da Mai Girma Gwamna ya sha rantsuwa, aka janye tallafin man fetur, kuma kowa ya ga yadda kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi.

Abuja ta isa misali. Filin jirginta yana da nisa da gari, kuma shekara da shekaru fasinja ba shi da zaɓi sai tasi. An buɗe jirgin ƙasa mai haɗa filin da tsakiyar birni a 2018, ya tsaya a 2020 lokacin korona, bai dawo aiki ba sai Mayun 2024. Gusau ba ta buƙatar dogo. Bas take buƙata, mai farashi a rubuce a jikinta, wadda lokacin tashinta yake bin lokacin saukar jirgi. Kada ta zama irin motar tasha da direba ba ya tayar da ita sai kujerar ƙarshe ta cika, mutane na gumi da kaya a cinya. Ko fasinja biyar ne, lokaci ya yi ta tashi, ta sauke su a babbar tasha da bakin kasuwa da Cibiyar Lafiya ta Tarayya, inda adaidaita sahu zai ƙarasa da kowa unguwarsu.

Maganar Tsafe da Bungudu ta fi nauyi. Hanyar da ta tashi daga Gusau ta bi Kwatarkwashi zuwa Tsafe da Funtuwa ta sha ganin tare-taren ɓarayin daji, kuma direbobi sun san sa'ar da ba a shigar ta. Mutum ya sayi tikiti mai tsada don ya kauce wa daji, sannan jirgi ya yi jinkiri ya ajiye shi bayan la'asar, ya tsaya bakin titi yana neman motar Tsafe: ina amfanin jirgin? Motar da za ta nufi garuruwan nan biyu ta tashi da rana tsaka, da rakiyar jami'an tsaro in hali ya buƙaci haka. Wanda dare ya riska kuma a ba shi wurin kwana mai tsaro kusa da filin.

Ma'aikatan filin ma, masu shara da 'yan dako da masu gadi, su ne za su fi kowa hawan bas ɗin, safe da yamma, kuma albashinsu ba zai ɗauki kuɗin acaba kullum ba.

Roƙon da ake yi shi ne Mai Girma Gwamna ya umarci masu kula da sufurin jiha su zauna da ƙungiyar direbobi ta NURTW da hukumar alhazai, a fitar da hanya da farashi da jadawali, a sanar a gidajen rediyo da Hausa. A ware wa motocin wurin tsayawa a bakin zauren fasinjoji, a kuma sa kuɗin mansu da gyaransu cikin kasafin shekara.