Malam, ina asalin takardar?

Akwai wata ɗabi'a da ta kama makarantunmu a Dakoro, kuma ya kamata a daina yi mata shiru. Malami zai kai tambayoyin jarrabawa shagon kwamfuta a buga masa, a miƙo masa PDF, ko ma a ɗauki hoton takardar a turo ta WhatsApp, shi ke nan. Baɗi in ana son canza tambaya ɗaya tak, sai a sake buga komai daga farko, a sake biya. Kuɗin kuwa daga aljihun malami ko na iyaye yake fita.

Masu ƙera wasannin kwamfuta sun daɗe da magance wannan. Manhajar Godot, wadda aka saki kyauta a 2014, tana ajiye aikin mai ƙira a fayil na rubutu zalla mai suna tscn, wanda mutum zai buɗe ya karanta ya gyara. Sai lokacin fitar da wasan ake matse shi zuwa tsarin da na'ura ke saurin karantawa. Wato fayil biyu: na aiki da na rabawa. Ba mai hankalin da ke jefar da na farko. Manomin da ya cinye irinsa, da me zai yi shuka in damina ta faɗi?

Za a ce PDF ya fi sauƙi, kowace waya tana buɗe shi. Gaskiya ne, a raba shi. Amma a riƙe asalin.

Ga kuma maganar baƙaƙenmu. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. To da wane fayil za mu koyar da ita? Wanda aka buga da tsofaffin salon haruffa na musamman, da an buɗe shi a wata na'ura sai ƙ, ɗ, ɓ da ƴ su rikiɗe. Unicode yana ɗauke da su duka. In babu shi, ƙasa ta koma kasa, yaro ya haddace kuskure.

Don haka, malamai, kada ku baro shago sai da fayil ɗin da ake iya gyarawa, docx ko odt, a rubutun Unicode. Shugabannin makarantu, ku ajiye kwafi biyu, a wuri biyu. Iyaye, a taron makaranta na gaba ku tambaya: aikin da muka biya bara, yana ina?