Hita a Bokitinka, Kuɗi Daga Aljihun Maƙwabci

Hunturu ya sauka a Sabo. Hazo ya lulluɓe tudun Mokola, leɓɓa sun fara tsagewa, kuma kamar kowace shekara rigimar kuɗin wuta ta dawo gidajen hayarmu. Katin da kan kai mu ƙarshen wata, yanzu kafin wata ya raba mita ta fara kuka. Sai kowa ya fito tsakar gida yana tsine wa gwamnati da masu wuta.

Gaskiya ne rayuwa ta yi tsada. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, tayar da janareta ya zama sai mai hali. A watan Afrilun 2024 kuma hukumar NERC ta kai farashin yunit ɗaya na rukunin Band A naira 225, daga abin da bai kai naira 70 ba. Gas da gawayi ma ba su tsaya inda muka san su ba. Amma fa mu faɗa wa junanmu gaskiya: ba daga Abuja ake zuwa da asuba a tsoma hita cikin bokiti a ɗakunanmu ba. Mu ne da hannunmu.

Mu yi lissafi, don lissafi ba ya son kai. Hita mai ƙarfin wat 1,000 idan ta yi awa ɗaya a jone, ta cinye yunit ɗaya. Ƙwan lantarki irin na zamani mai wat 10 sai ya yi awa 100 a kunne kafin ya ci wannan yunit ɗin. Yanzu ɗauki gida mai ɗaki 12 da mita ɗaya. Ga ɗan kasuwa da ke jona hita awa ɗaya kullum, ya sha yunit 30 a wata, ban da dutsen guga da firji. Ga tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli a ɗakin ƙarshe, ƙwai ɗaya gare ta, tana kunnawa awa shida a dare, ba ta cika yunit 2 a wata. Amma in aka zo karo-karon kati, sai a raba kuɗi gida 12, kowa daidai wa daida. Haba jama'a! Wannan rabon adalci ne ko kuwa cin haƙƙin mai rauni?

Wannan rabon ne tushen ɓarnar. Wanda ya san ko ya tattala ko ya ɓarnatar kuɗinsa ɗaya ne, me zai sa ya tattala? Shi ya sa za ka ga an jona hita an tafi shago sayen burodi, ruwa ya tafasa har ya fara ƙonewa, sannan a dawo a surka da ruwan sanyi. An ci wuta an zafafa, an kuma zuba ruwa an kashe zafin. Wa ya ci riba?

Za a ce mana, "To ai sanyi ake yi, so kuke mu yi wanka da ƙanƙara?" Wane sanyi? Duk wanda ya taɓa kwana a Jos ko Funtuwa cikin Janairu ya san abin da ake kira jaura. Na Ibadan daga asuba ne zuwa hantsi, da rana ta ɗaga sai a koma neman inuwa. Mun ɗauko tsoron sanyin gida mun kawo shi ƙasar da ba ta da shi. Ba mu ce a hana tsofaffi da jarirai da marasa lafiya ruwan ɗumi ba. Mai jego ma wankanta dole ne, kuma kowa ya san wannan. Da ƙaton saurayi muke, wanda zai iya dako a kasuwa tun safe amma ba zai iya watsa ruwa ba sai ya tafasa bokiti cike.

Wani kuma zai ce, "Kuɗina nake biya, ba mai yi mini iyaka." Malam, kuɗinka ka biya, amma wutar wani ka sha. Muna jin wa'azin haƙƙin maƙwabci da na almubazzaranci kowace Juma'a, muna gyaɗa kai. To ga inda ake gwada wa'azin: a jikin soket.

Kuma ba aljihu kaɗai ke cikin haɗari ba. An ɗauke wuta, ka fita ka bar hita a jone cikin bokitin roba. An dawo da wuta ba kowa a ɗaki. Ruwa ya ƙone, roba ta narke, ga katifa a gefe. A lokacin da iska ta busar da komai, a unguwar da ta kafu tun 1916, gida jingine da gida, lungun da motar 'yan kwana-kwana ba ta iya shiga, wutar ɗaki ɗaya ta layi guda ce. Haka masu shigar da kurfoti ɗaki su kulle ƙofa da taga don jin ɗumi. Gawayi na fitar da wata iskar guba da ba ta da launi ba ta da wari. Ciwon kai take fara sawa, sai kasala, sai barcin da ba a tashi. Hayaƙin janareta a baranda ma ita ce dai.

Me muke nema? Abubuwa ne da ba sa buƙatar izinin kowa. Na farko, a daina rabon ɗaki-ɗaki, a koma rabon kayan wuta: mai kula da gida ya zaga da takarda, a rubuta abin da kowa ke jonawa, mai hita da firji ya biya gwargwadon nasa. Gidan da ke da hali ya sa wa kowane ɗaki ƙaramar mitarsa, rigima ta mutu. Na biyu, a ɗumama rabin tukunya a surka, kuma a rufe ta da murfi. Ragowar a zuba a filas don alwalar asuba. Wanda zai yi wankan yamma ya ajiye jarka a rana tun hantsi, kyauta ce. Na uku, tsoffin ƙwayaye masu wat 60 a sauke su, kowane ɗaya yana cin abincin shida. Na huɗu, da an ɗauke wuta a zare komai daga soket. Kurfoti kuwa wurinsa tsakar gida, in an gama girki a kashe garwashin a adana na gobe.

Muna kira ga masu gidaje da shugabannin unguwa da limamanmu: kada a jira sai an yi asara a zo jaje. Kowane gida ya zauna bayan sallar isha'i a wannan makon a daddale maganar. Wanda rabon gaskiya ya ɓata wa rai, to dama shi ake ɗauke wa kaya tun tuni.

Allah Ya raba mu da cin haƙƙin juna, Ya tsare mu daga gobara.