Wa Ke Riƙe da Linzami a Dandamalin Rok?

A watan Satumba na 2022, ƙungiyar kiɗan rok ta Amurka mai suna Falling in Reverse ta fasa wani wasa a jihar Ilinoyi saboda kwamfutocinta sun ɓata. Makaɗa na nan, jita da ganguna na nan, amma wasa ya faskara. Abin ya isa a tsaya a yi nazarinsa.

A manyan wasannin rok na yau, mai ganga yakan sa ƴar na'ura a kunne tana ƙirga masa bugu. Da wannan ƙirge ake ɗaure fitilu da hotunan majigi da muryoyin amshi waɗanda aka naɗa tun a situdiyo. Amfanin haka a bayyane yake: mutum huɗu sai su fitar da sautin mutum goma. Sai dai waƙar da aka yanka wa minti huɗu, minti huɗun za ta yi, ko jama'a sun yi tsit ko sun ɓarke da sowa.

A da makaɗa ke yanke tsawon waƙa. Waƙar "Whipping Post" ta ƙungiyar Allman Brothers minti biyar ce a faifansu na 1969. Da suka kaɗa ta gaban jama'a a zauren Fillmore East na birnin New York a 1971, sai da ta haura minti 22. Ƙarin nan ƙirƙirar nan take ce: wannan ya jefa salo, wancan ya amsa, mai ganga yana sauraron kowa. Ɗalibin Hausa ya san irin wannan baiwa wajen Mamman Shata, wanda kan dubi taro ya ɗora baiti a kan abin da idonsa ya gani.

Duk da haka, ban ɗora wa na'ura laifi ba. Mdou Moctar, makaɗin jita Buzu ɗan Nijar, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, "Anar", a 2008, da manhajar gyaran murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Ta wayoyin hannu waƙoƙin suka bazu a Sahel har suka ƙetare teku. Amma abin da ke tara masa jama'a a Turai da Amurka shi ne kiɗan da ya goge a kai a wuraren biki, inda ake jan waƙa har sai masu rawa sun gamsu.

A ganina, ma'aunin ɗaya ne: idan taro ya motsa, shin makaɗi na da ikon ƙara baiti, ko ya sassauta kiɗa, ko ya sauya hanya? In yana da shi, kwamfuta ƴar aikinsa ce, kamar lasifika. In ba shi da shi, mai sauraro ya biya kuɗi ne ya ji faifan da yake da shi a gida.