Kafin ka ce wa Yaya ya aiko maka da sarbo mai kilo 45

Ranar Lahadi da la'asar, a wani fili da ba a gina ba a unguwar Koira Kano da ke birnin Yamai, na tsaya ina kallon wata ƙaramar mota mai rimot tana fama da tulin marmara da buraguzan bulo da magina suka bari. Masu karatu na Najeriya, kar ku ɗauka Kanon Dabo ake nufi, a Zabarmanci sunan unguwar yana nufin gari mai daɗi. Motar ta ɗan maƙwabcinmu ce, ɗalibi ɗan shekara 17. Tayar gaba ta maƙale tsakanin duwatsu biyu, ya murɗa sitiyari a rimot, sai fitilun motar suka yi ƙifi-ƙifi, ta tsaya cik, bayan ɗan lokaci ta farfaɗo. Sau huɗu tana yin haka a gabana.

Ya dube ni ya ce, "Yaya, wallahi jabu suka sayar masa. An rubuta kilo 35 amma ko dutse ɗaya ba ya iya turewa. Yau zan ce ya aiko mai kilo 45."

Wanda zai aiko ɗin yayansa ne da ke aikin ɗaukar kaya a wani sito a Beljiyam. Wata uku aka yi ana jiran wannan na farkon kafin a samu mai zuwa gida ya riƙo shi a jakarsa. A ganina yaron yana shirin sa ɗan uwansa asarar kuɗi karo na biyu ne, kuma ba shi kaɗai ke wannan kuskure ba.

Ga wanda bai san abin ba, irin wannan mota ba ta tsere ba ce. An ƙera ta ne don hawan duwatsu cikin tafiyar hawainiya, yawanci girmanta kashi ɗaya cikin goma na motar gaske, kamar TRX-4 ta kamfanin Traxxas ko SCX10 ta Axial. Sarbo kuwa shi ne ɗan akwatin nan mai tsawon kimanin milimita 40 da faɗin 20, mai ƙaramin inji da haƙora a ciki, wanda ke juya tayoyin gaba idan an murɗa sitiyari. A motar tsere aikinsa da sauƙi, domin taya mai gudu ba ta gardama. A motar duwatsu kuwa sau da yawa a tsaye ake juya ta, tayoyin masu laushi sun kama dutse, nauyin motar ya danne gaba. Shi ya sa sarbo ke cikin kayan da suka fi saurin mutuwa, shi ya sa kuma kowa ke rububin mai lamba babba.

To me lambar take nufi? Idan aka rubuta kilo 35, ana nufin nauyin da zai iya riƙewa a nisan santimita ɗaya daga tsakiyar sandarsa. Hannun da ake ɗaura masa ya kan kai santimita biyu, ka ga ƙarfin da ke isa ga ƙarfen sitiyari ya koma rabi ke nan. Sannan ana auna lambar ne a mafi girman wutar da sarbon ke ɗauka, bolt 7.4 ko 8.4. Ka ba shi bolt 5 ko 6, ba za ka ga 35 ɗin nan ba. Wannan ma idan mai sayarwa ya faɗi gaskiya ke nan, domin a kasuwannin intanet akwai masu buga lamba a kwali yadda mai tallan maganin gargajiya ke lissafa cututtukan da garinsa ke warkarwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne wutar. Sarbo ba daga batir kai tsaye yake sha ba a yawancin motoci. Akwai wani ɗan sashe da ake kira BEC a cikin na'urar da ke sarrafa gudun motar, shi ke rage wutar batir ya raba wa sarbo da na'urar da ke karɓar saƙon rimot. Babban sarbo idan ya cije yana iya jan amfa 2 zuwa 3, wani ma fiye. Idan BEC ɗin ƙarami ne, wutar sai ta faɗi, na'urar karɓar saƙo ta ɗauke, mota ta tsaya, fitilu su yi ƙifi-ƙifi. Duk mazaunin Yamai ya san wannan a gidansa: a watan Afrilu ka kunna firiji da injin ban ruwa a kan ƙaramin janareta ka ga abin da zai faru. Wanda ya ga haka ya ce maganin shi ne ya sayo firijin da ya fi girma, ai sai a tambayi lafiyarsa. Sarbo mai kilo 45 a motar yaron nan zai ƙara kashe ta ne kawai.

Abin da ya kamata ya roƙa bai kai rabin kuɗin sabon sarbo ba: BEC na waje, ɗan ƙarami kamar kwalin ashana, mai ba da amfa 5 ko fiye, wanda ake haɗawa da batir kai tsaye. Ko kuma a sauya na'urar gudun da irin QuicRun 1080 ta Hobbywing, wadda ake iya saita ta a bolt 6 ko 7.4. Sai dai a kula, batirin LiPo mai ɗaki biyu idan ya cika yana kai bolt 8.4, kuma sarbon da aka yi don bolt 6 ba ya yafe wannan. A duba abin da aka rubuta a jikinsa da na na'urar karɓar saƙo kafin a ɗaga wuta.

Da za a tambaye ni, mota mai girman ɗaya cikin goma da ba a loda mata ƙarafa ba, sarbo mai kilo 20 zuwa 25 ya ishe ta, matuƙar haƙoransa na ƙarfe ne kuma yana samun wutar da yake so. Saurin juyawa kar ya dame ka, ba inda za ka da gaggawa. Abin da zan nace a kai shi ne wanda aka toshe shi da zoben roba don kar ruwa ya shiga. Na san za a ce, ruwan me a Yamai? Ban da cewa a watan Agusta layukan unguwa kan koma ƙorama, roban da ke tare ruwa shi ke tare ƙurar hunturu, wadda ke shiga cikin giris ta mai da shi kamar takardar goge katako, ta cinye haƙora a hankali. Haka nan a nemi mai jikin alminiyom, domin a bazara zafin garin nan yana haura digiri 40, sarbon da ke cije kuwa zafi yake ƙarawa a kan zafi.

Akwai wani abu na kyauta da samari ke tsallakewa. A yawancin rimot akwai wurin saita iyakar juyawar sitiyari hagu da dama. Idan taya ta kai ƙarshenta amma sarbo na ci gaba da turawa, za ka ji yana kuka kamar ƙudan zuma, kuma kukan ajalinsa ne. Minti biyu ya isa a gyara wannan.

Ku kuma ƴan uwa da ke Turai, Amurka ko Dubai, da ƙane ya turo hoton kwali a WhatsApp, ku yi masa tambaya kafin ku biya. Haƙora nawa ne a kan sandar? Irin na Futaba 25 ne, na Hitec 24, na JR da Sanwa 23, kuma hannun wani ba ya zama daidai a kan wani, sai ku haɗo da hannun ƙarfe da ya dace. Ku duba kar ku ɗauko mai juyawa digiri 270, wannan na masu haɗa mutum-mutumi ne. Idan motar ƴar mitsitsiya ce irin SCX24, babban sarbo ko shiga ba zai yi ba. A can, wanda ya yi kuskure gobe zai mayar a sauya masa. A nan kuwa, tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023 kayan da ke biyowa ta Kwatano suka koma dogon zagaye ta Lome da Burkina Faso, ƙaramin saƙo kuma sai an yi dakon matafiyi.

Saboda wannan nisa ne ban yarda da masu cewa a sayi mai tsada sau ɗaya a huta ba. Gaskiya ne sarbon da ya haura yuro 100 ya fi inganci, amma shi ma yana ƙonewa idan wuta ta yi masa yawa, kuma garantinsa ba ya tsallako Sahara. Yuro 20 kimanin jaka 13 ne na sefa. Matsakaita biyu, ɗaya a mota ɗaya a aljihun jaka, sun fi wa yaron Yamai amfani.

Wani dattijo da ya tsaya kallo a filin ya ce wannan wasan ƴaƴan masu kuɗi ne, ana fama da tsadar shinkafa. Ban yi masa musu ba, yana da gaskiyarsa, mu ma da motar kara da ta gwangwani muka tashi, sitiyarinmu doguwar waya ce. Amma yaron da ya gane dalilin da ya sa wuta ke faɗuwa idan inji ya cije ya fahimci abin da masu haɗa sola ke cin abinci da shi, kuma sarbo irin MG996R shi ne ɗalibai ke juya hannun mutum-mutumi da shi a kan Arduino. Matsalar ita ce idan duk abin da ya koya shi ne tura saƙon a aiko wani.

Washegari na raka shi wurin wani mai gyaran salula da rediyo a bakin kasuwar Katako. Mutumin bai taɓa ganin irin motar ba, amma ya ɗora mitarsa a kan wayoyi biyu, ja da baƙa, ya ce a riƙe tayoyin a murɗa sitiyari. Muna kallo lambar ta sauko daga 6 zuwa ƙasa da 4. Ya ɗago kai ya ce, "Samari, injinka lafiyarsa lau, yunwa yake ji." A nan tsaye yaron ya goge saƙon da ya rubuta wa yayansa, ya tambaye ni yadda ake rubuta BEC.